Sallar Baƙo: Wa Ke Da Alhakin Ɗalibin Da Bai Je Gida Ba?

 

Babbar Sallah ta ƙarato, kuma ko ba a faɗa ba kowa ya ga alama a Jikwoyi. Teloli sun daina karɓar ɗinki, raguna sun fito bakin titin Karshi, a tashar Nyanya da ta Mararaba kuwa kuɗin mota ya fara hawa. Duk wanda ka gaisa da shi, kafin ku rabu sai ya ce, "Yaushe za a wuce gida?" Ana jibi Sallah za ku ga sahunmu na Magariba ya ragu, layin da ya saba cika da hayaniya ya yi tsit. Haka Abuja take tun da aka dawo da hedikwatar ƙasa nan a watan Disamba na 1991. Garin neman abinci ne, ranar biki kowa ya san inda aka binne cibiyarsa.

Amma fa ba kowa ke tafiya ba, kuma a cikin masu zama ɗalibai sun fi ba ni tausayi. Akwai yaran da ke karatu a Jami'ar Abuja ko ta Jihar Nasarawa a Keffi, da masu hidimar ƙasa, waɗanda suka kama ɗaki a nan ko Kurudu ko Karu saboda haya ta fi sauƙi. Akwai 'yan Nijar da Chadi da Kamaru da Ghana da suka zo neman ilimi, na boko ko na addini. Akwai almajirai, da yara masu koyon ɗinki da gyaran waya, su ma ai ɗalibai ne. Sannan ga namu 'ya'yan da muka tura Alƙahira, Madina, Indiya, Malesiya, Turkiyya ko Ingila. Tambayar da nake so mu duba a takardar wannan Juma'a ita ce: Sallar wanda ya yi ta nesa da gida, cikakkiya ce ko rabi ce? In kuwa akwai abin da ya ragu a cikinta, wa Allah zai tambaya?

Mu fara da gaskiya. Wanda bai je gida ba ya rasa abu, kuma ba ƙaramin abu ba. Bakano ya rasa filin Idi na Ƙofar Mata da hawan Daushe da hawan Nasarawa. Bakatsine da Bazazzage sun rasa nasu hawan. Ɗan ƙauye ya rasa abin da ya fi hawa a wurinsa: ya durƙusa gaban tsohuwarsa da sabon ɗinki ta sa masa albarka, ya ci waina da miyar taushe ta hannunta, ƙannensa su yanyame shi suna neman goron Sallah, da yamma a zaga gidan gwaggo da na kawu. Kada wani ya ce wa yaron da ke kewar waɗannan, "Kai dai ba ka da tawakkali." Sahabbai ma sun yi kewa. Malamai sun karantar da mu cewa da aka yi hijira zazzaɓin Madina ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal, Bilal yana kwance yana begen kwarurukan Makka da duwatsunta, har Annabi (SAW) ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Bai tsawata musu ba, addu'a ya yi musu. Kun ga ke nan begen gida ba raunin imani ba ne.

To amma ga wani abu da ya kamata duk ɗan ci-rani ya riƙe. A ina aka fara sallar Idi? Shekara 13 Annabi (SAW) ya yi yana kira a Makka, garin haihuwarsa, ba a yi Idi ko sau ɗaya ba. Sai a Madina, a shekara ta 2 bayan hijira, wato 624 Miladiyya, aka yi Ƙaramar Sallah ta farko bayan azumin farko, 'yan kwanaki da dawowa daga Badar, sannan aka yi ta layya a wannan shekarar. Limamin da ya ja sallar baƙo ne a garin. Abubakar da Umar da Usman da Ali duk baƙi ne, sun baro gidajensu da dukiyarsu, wasu ma sun baro iyaye. Ashe Sallah a baƙunta aka haife ta. Wanda ya yi Idi a Jikwoyi ko a Alƙahira zuciyarsa na Gusau, halin da yake ciki ya yi kama da na mutanen sahun farko na Idin farko.

Akwai kuma hikima a yadda Allah ya ɗaura Sallah ga wata. Ku duba bukukuwan kaka. A gida, in an yi girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, lokacin ne ake ɗaura aure, a yi dambe da kokawa, samari su yi sabon ɗinki da kuɗin gyaɗa da wake. Maƙwabtanmu Ibo suna da bikin sabuwar doya, kowa ya nufi ƙauyensu. Mutanen Amurka suna da bikin godiya a ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, wanda shi ma asalinsa na girbi ne, dangi su taru a ci talotalo. Irin waɗannan bukukuwa da ƙasa da gona aka ƙulla su. In ka cire mutum daga gonar, bikin ya zama maraya a hannunsa. Ita kuwa Sallah ba ta zauna a kaka ba, ba ta zauna a rani ba. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da wajen kwana 11, saboda haka cikin shekara 33 Sallah kan zaga damina da kaka da hunturu da bazara ta dawo. Masu tunawa sun san a 2012 da 2013 da 2014 cikin Oktoba muka yi layya, ana tsakar girbi, a 2023 da 2024 kuwa cikin Yuni, ana shuka. Watan da aka gani a Sakkwato shi ne ke saman Kurudu, shi ne ke saman Landan.

Saboda haka ta ɓangaren ibada babu abin da ya ragu. Kabbarorinsa kabbarori ne, raka'a biyunsa raka'a biyu ne, ladansa yana wurin Allah, watakila ma ya fi namu tunda neman ilimi ya fito. Abin da ya ragu mutane ne. Ba wanda zai ce masa "tashi ka yi wanka, an kusa fita", ba wanda zai ajiye masa kwano da sunansa, ba ƙofar da zai shiga ba sai ya yi tunanin ko zai takura. Da a ce abin da ya rasa ganuwar Kano ce ko dawakin Sarki, da sai mu ce Allah ya ba shi haƙuri, don ba mu da su. Mutane kuwa, ai mu ne. Nan ne alhakin ya sauka a wuyanmu.

Kada kuma mu ɗauka duk wanda bai tafi ba ganin dama ya yi. Mun ga yadda yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan. Ɗalibanmu da ke Khartoum, da yawansu 'ya'yan Kano da Jigawa da Katsina da Borno, sun yi Sallar bana ta lokacin suna jin ƙarar harsashi, daga baya aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, sai a watan Mayu suka fara sauka Abuja. Mun ga 2020, lokacin korona, da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, mai kuɗi da talaka kowa ya yi Ƙaramar Sallah inda dokar ta same shi. Mun ga bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka fiye da wata bakwai sai a Maris na 2024 aka buɗe, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kaka guda ta wuce su, an yi girbi da aure da rasuwa ba su. Tun kuma da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin zuwa Sakkwato ko Maiduguri da dawowa ya zama abin da ɗalibi zai ci abinci da shi na makonni. Wani jarrabawa ce ta tsare shi, wani tsoron hanya, wani kuwa maraya ne, gidan ma babu mai jiransa.

Na ƙasashen Turai nasu ya fi tsanani. A Ingila da Faransa da Jamus Sallah ba ranar hutun ƙasa ba ce. Yaro zai yi Idi da sassafe a wani zaure da aka kama haya ko a filin shaƙatawa, ya cire babbar riga ya cusa a jaka, ya ruga lacca. Doka ba ta yarda a kayar da rago a ƙofar gida ba, sai a mayanka mai lasisi, don haka ba ya ko jin ƙamshin suya. In lokacin bikinsu ya zo kuma, makaranta ta watse, kantuna su rufe, ya rage shi kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai. A Amurka akwai al'adar da iyalai da malaman makaranta kan gayyaci ɗaliban da suka zo daga nesa su ci abinci tare a wannan biki nasu na Nuwamba. Hukuncin ya je ko kada ya je, da abin da zai ci da wanda zai bari, wannan fagen Liman ne, a kai masa tambaya. Abin da ya dame ni shi ne wani can ya tuna da ɗanmu a ranar bikinsa. Mu wa muka tuna da shi a ranar namu?

Alhali mu aka fara koya wa wannan. Da Muhajirai suka isa Madina, Annabi (SAW) ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu da Ansar, mutum da mutum. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuma ya yi godiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. 'Yan kasuwa, wannan labarinku ne. A gefen masallacin Annabi kuma akwai rumfar da ake kira Suffa, inda baƙi marasa gida da iyali ke kwana suna koyon karatu, Abu Huraira na cikinsu. Su ne ɗaliban kwana na farko a Musulunci. Yaya aka ciyar da su? An ruwaito Annabi (SAW) yakan umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku, mai na huɗu ya tafi da na biyar ko na shida, wata rana Abubakar ya tafi da uku, shi kuma Annabi ya tafi da goma. Ku lura, gida aka tafi da su. Sannan a Suratut Tauba, aya ta 60, cikin mutum takwas da ake ba zakka har da ɗan hanya, kuma malaman fiƙihu sun ce ana ba matafiyin da guzurinsa ya yanke ko da mawadaci ne a garinsu. Shari'a ta san cewa ɗan gata a Funtuwa yana iya zama abin tausayi a Nyanya.

Kakanninmu ma da haka suka ci kasuwa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro wata da watanni suke yi a hanya, Sallah nawa ta riske su a Salaga da Kumasi? Abin da ya riƙe su zango ne da fatoma, mai masaukin da zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kuɗi, ya tsaya maka in rigima ta taso, ranar Idi ka fita cikin iyalinsa. Da wannan tsari Sabo ta Ibadan ta kafu a 1916, da shi Hausawan Agege da na Sabon Zango a Ankara suka zauna da gindinsu. Ta fuskar karatu kuwa, tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kashe dukiya aka gina makaranta da masauki a Alƙahira saboda ɗalibansu da alhazansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakhtar Ruda ta Sudan a shekarun 1950. Duk malamin da muke alfahari da shi, akwai gidan da ya taɓa ci a matsayin baƙo, ko da tarihi bai riƙe sunan matar da ta tuƙa tuwon ba. Mu kanmu da ke wannan masallaci a ƙasar Gbagyi muke zaune. Babu ɗayanmu da ya sauka Jikwoyi ranar farko bai kwana a shagon wani ko tabarmar wani ba.

Alhaji, kai da ɗanka ke Alƙahira ko Indiya, ranar Sallah me kake roƙa masa? Ai cewa kake Allah ya haɗa shi da mutanen kirki. To wani dattijo a Tawa ko Yola ko Tamale yana can ya ɗaga hannu yana irin wannan roƙo a kan nasa ɗan, ɗan kuwa ga shi nan a sahu na uku bayanka, ɗakinsa na kallon shagonka. Kai ne mutumin kirkin da ake roƙon a haɗa shi da shi. Ɗa na kowa ne, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Sai dai a nan akwai wani bambanci da nake so a gane. Jama'armu, Alhamdu lillahi, ba su da rowar nama. Ranar Sallah leda kan yi ta yawo, a miƙa wa mai gadi, a miƙa wa almajiri, a aika wa gwauro. Wannan sadaka ce, Allah ya karɓa. Amma ɗalibin da ke ɗaki ɗaya da risho ko ƙaramar tukunyar gas, in ka ba shi ɗanyen nama a leda, ka ƙara masa aiki ne, zai dafa shi kaɗai ya ci shi kaɗai yana kallon bango. Yunwar ranar Sallah ba ta ciki ba ce kawai. Abin da yake so a ce masa, "Wane, bayan an sauko Idi a gidana za ka ci abinci, ina jiranka." A shimfiɗa masa tabarma inda maigida ke zaune, a sa hannu a kwano ɗaya, a tambaye shi garinsu da karatunsa, yara su ce masa Yaya, ya riƙe ƙafar rago in za a yanka. Malamai sun ce naman layya a ci, a yi kyauta, a yi sadaka. Sadaka ana ba da ita daga bakin ƙofa, karramawa kuwa sai an shigo ciki. Shi ya sa Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ya kuma ce baƙonka Annabinka.

Na san akwai masu magana, kuma maganarsu abin saurare ce. Wani zai ce, "Malam Sakatare, kana so mu fasa zuwa gida ne? Iyaye fa?" A'a, wallahi. Zumunta a ƙafa take, kuma haƙƙin uwa da uba yana gaba da na baƙo. Wanda Allah ya hore masa ya tafi, Allah ya kiyaye hanya. Abu biyu kawai zan ce. Na ɗaya, kada a cinye jari ko a ci bashi don a je a nuna wa 'yan gari an samu, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Tsohuwa ta fi son ɗan aike da ba ya yankewa a kan shadda ta yini ɗaya. Na biyu, mai tafiya ma yana da abin yi kafin ya hau mota. Yaron shagonka da ka bari yana gadin kaya, a hannun wa ka bar shi? Ka haɗa shi da maƙwabci, ka bar masa na cefane, in akwai gurbi a motarka kuma hanyarku ɗaya da wani ɗalibi, ka rage masa hanya.

Wani zai ce, "Zamani ya lalace, Abuja ce nan, ka shigo da wanda ba ka sani ba cikin iyalinka?" Wannan ma gaskiya ne, ba mai cewa a yi sakaci. Amma yaron da ya yi wata shida yana bin jam'i tare da mu, ladan ya san shi, mai shayi ya san shi, mai gidan hayarsa ya san shi, in har yanzu "ba a san shi ba", laifin wa? Rashin sani maganinsa tambaya. Kuma amfanin masallaci ke nan, ya zama mai tsaya wa baƙo kamar yadda fatoma ke yi a da. Ku tuna kuma, yaron da mutanen kirki suka ƙi ja a jika, akwai masu jiransa. Ranar Sallah da yamma, wanda ba shi da inda za shi, abokan banza suna da wurin kai shi, masu ƙwaya da masu mugun wa'azi a waya duk ƙofarsu a buɗe take. Tsaron unguwa da muke ta taro a kai, wani yankinsa a kwanon tuwo yake.

Wani kuma zai ce, "Mu ma ciki da falo muke, bana ko layyar ba mu samu ba." Allah sarki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mutanen Madina da suka kwashi 'yan Suffa ba attajirai ba ne duka, wani dabino da ruwa ne abincin gidansa. Ba a ce sai da rago ba. Shinkafa da miya da zoɓo sun isa, inuwar ƙofar gida ta isa zaure. Gida uku na tsakar gida ɗaya suna iya haɗa tukunya su karɓi yara huɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu mata, wannan aiki rabinsa naku ne, ko ma fiye, don mu maza baki kawai muke gayyata da shi, wuta ku ke hurawa. Saboda haka maigida ya yi shawara da uwargida tun yau, kada ya kwaso mutum biyar ranar Sallah ba sanarwa, kuma ya ƙara kuɗin cefane. Sannan ku tuna da ɗalibai mata. Namiji ko ba komai zai fita Idi, ya zauna teburin mai shayi, ya ga mutane. Yarinya kuwa tana iya yini uku a ɗaki ba wanda ya sani, kunya ba za ta bari ta ce komai ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku neme su tun daren lalle da kitso, ku sa su cikin suya da tuyar waina, ku ce musu 'yata. Wadda aka ba wuƙa ta yanka albasa ta fi wadda aka ajiye a falo jin cewa gida take.

Kai kuma ɗalibi, ƙanena, kana da naka. Kada ka kulle ɗaki ka kwanta da waya kana kallon hotunan hawan Sallah kana ƙara wa kanka ciwo. Ka yi wanka, ka sa mafi kyawun abin da kake da shi ko da tsoho ne, ka fito da kabbara, ka je Idi ta wata hanya ka dawo ta wata kamar yadda Sunna ta koyar. Ka kira iyaye da wuri, ka sa musu dariya, kada ka sa su kuka. In an gayyace ka ka amsa, amsa gayyata haƙƙin Musulmi ne a kan ɗan uwansa, kuma karɓar karamci ba bara ba ne. Ka je da ladabi, ka kama aiki, ka kiyaye idonka a gidan mutane, kada ka daɗe har a gaji, baƙo raɓa ne. In kuma ka san wani ɗan ajinku da ya fi ka kaɗaici, ka ja shi ku zo tare. Iyayen da 'ya'yansu ke waje, ku ma ku aika ɗan abin Sallah da wuri, ku duba bambancin agogo kafin ku kira, kuma tambayarku ta farko ta zama, "A ina ka yi Idi, da wa ka ci abinci?" Ku ƙarfafa masa ya nemi masallaci da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantarsu. Kiran bidiyo yana rage zafi, amma ba a cin tuwo ta waya.

Ga abin da kwamitin masallaci ya tsayar. Daga yau bayan an idar da Juma'a har zuwa daren Arfa, akwai littafi a wurina. Mai gidan da zai karɓi baƙo ya rubuta sunansa da adadin da zai iya, ko mutum ɗaya ne. Ɗalibi ko ɗan koyo da zai yi Sallah a nan ya zo ya faɗa mini ko ya faɗa wa ladan, ba za a karanta sunan kowa a lasifika ba. Wanda ya san wani yaro mai jin nauyi, ya rubuta shi a madadinsa. Na mata yana hannun malaman Islamiyya mata. Masu tafiya da ke son barin mudun shinkafa, mai, ko kuɗi, ma'aji zai karɓa ya ba da rasit. Yaran da ba su samu gida ba, za mu shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci bayan Azahar ranar Sallah, kuma muna roƙon dattawa su zo su zauna a ci da su, kada a aiko da kula kawai. Fatanmu kada littafin baƙi ya fi na masu masauki tsawo.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke karatu a ko'ina suke, ya ba su ilimi mai amfani, ya haɗa su da masu riƙe su da mutunci, mu kuma ya ba mu ikon riƙe na wasu. Allah ya karɓi ibadun alhazanmu, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, ya maimaita mana. Amin.



Sakataren Masallaci, Jikwoyi